Sa wa mota fitilar zenon da hannunka: tambayoyi da amsoshi

Tun da na fara taɓa wayarin ɗin mota, babu aikin da ake yawan tambaya ta a kansa kamar na fitilar zenon. Wani ya hango farin haske a motar maƙwabcinsa ransa ya biya, wani kuma ya riga ya saya ya ɗaura, yanzu duk motar da ya haɗu da ita da dare sai ta watsa masa ful. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda. Mai gaggawa ya fara da ta 3, don a nan gizo ke saƙar.

1. Mene ne zenon, kuma me ya raba shi da ƙwan da ya zo da motata?

Ƙwan halojin da yawancin motocinmu ke zuwa da shi yana da ɗan zaren ƙarfe a ciki. Wuta ta bi ta cikinsa, ya yi ja, ya yi fari, ya ba da haske. Ƙwan zenon ba shi da zare ko kaɗan. 'Yan ƙusoshi biyu ne ke fuskantar juna cikin wata 'yar ƙwayar gilashi, da tazarar kamar milimita 4 tsakaninsu, an cika ƙwayar da iskar zenon da gishirin wasu ƙarafa. Wutar tsallake take yi daga wannan ƙusa zuwa waccan, kamar yadda ka ga tana yi a bakin sandar mai walda. A kwalin za ka ga an rubuta HID, duk abu ɗaya ne. Kamfanin BMW ne ya fara fito da shi a 1991, a manyan motocinsa samfurin 7.

Batirin mota volt 12 yake bayarwa, shi kuwa wannan tsallake yana buƙatar sama da volt 20,000 kafin ya fara, in ya kama sai ya sauko wajen 85. Mai yin wannan aiki shi ne ɗan akwatin da ake kira balas, ɗan'uwan cok ɗin doguwar fitilar gida ta da. Don haka duk ƙwan da aka miƙo maka an rubuta Xenon a kwalinsa, gilashinsa shuɗi, amma babu balas tare da shi, halojin ne aka shafa wa launi. Launin ma rage masa haske yake yi.

2. Da gaske ya fi haske?

Ya fi, nesa ba kusa ba. Da lumen ake auna yawan haske. Ƙwan halojin samfurin H7 mai wat 55 yana ba da lumen 1,500, samfurin H4 kuma wajen 1,000 a dim. Ƙwan zenon na asali mai wat 35 yana ba da kusan 3,200, ga shi bai kai su shan wuta ba, ga daɗewa: sa'o'i 2,000 zuwa 3,000, alhali halojin da wuya ya haura 1,000.

Sai dai kafin ka ɗora wa ƙwai laifi, dubi abu biyu. Murfin fitilar, in rana ta dafa shi ya yi rawaya ya dushe, ko wane ƙwai ka sa a bayansa hasken ba zai fita ba, a goge shi tukuna. Sannan a auna wutar da ke isa soket. A tsohuwar mota wayoyi da makunni kan cinye wani abu a hanya, kuma halojin ba ya yafe wannan: wuta ta ragu da kashi 10 cikin 100, haske ya ragu da kusan kashi 30. Na sha ganin motar da gugar murfi da rile guda, wato ɗan makunnin da ke kawo wuta kai tsaye daga batir, irin na tambaya ta 9, suka raba mai ita da sha'awar zenon gaba ɗaya.

3. Ba zan iya zare ƙwan halojin in cusa na zenon a gurbinsa kawai ba?

Zai shiga, zai kuma kama, don masu haɗa kayan sun yi wa gindinsa siffar H4 ko H7 ko H11 da gangan. Matsalar tana wurin gidan fitilar. Kwanon nan mai ƙyalli da ke bayan ƙwai madubi ne da aka lissafa lanƙwasarsa bisa zare miƙaƙƙe, mai tsawo kaza, a zaune a wuri kaza, wanda ya fi haske a tsakiyarsa. Wutar zenon kuwa ba miƙaƙƙiya ba ce. Zafi na sa ta gantsare sama kamar baka, kuma ta fi ƙarfi a bakin ƙusoshin nan biyu, wato a gefe da gefe. Madubin sai ya kwashi haske daga inda bai zata ba ya jefa shi inda bai kamata ba: kan bishiyoyi, saman gada, da idon mai tahowa.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne gaban bamba ya yi fari fat, sai mutum ya ɗauka ya ƙaru. Ni ma haka ta faru da ni a karon farko. Na ɗaura mai lamba 8000K, mai shuɗin haske, a tsohuwar motata mai kwano, na tsaya a ƙofar gida ina ta yaba kaina. Daren da na hau hanyar garinmu na gane kurena. Mita goman farko kamar rana, can gaba inda rami da jaki da mai keke suke kuwa duhu, domin hasken kusa ya sa ƙwayar idona ta tsuke. Wani direban tanka ya yi mini alama sau biyu, ya zaci ful na kunna masa. Da ya ga ban sauke ba sai ya sakar mini duk abin da Allah ya hore masa na fitilu, dole na gangara gefen titi na tsaya har ya wuce. Garin neman gira na kusa rasa ido.

A hanya mai hannu biyu, wanda ka kashe wa ido kanka yake nufowa. Shawarata ba ta canzawa: in gidan fitilarka kwano ne, kada ka sa masa zenon. Hanyoyin da suka dace suna tambaya ta 5.

4. Yaya zan gane irin gidan fitilar da nake da shi?

Tsuguna a gabanta ka leƙa. In kana hango ƙwan tsirara a tsakiyar kwano mai ƙyalli, mai kwano ce. In wani dunƙulallen gilashi ka gani kamar idon saniya, furojekta ce, wadda ke da ɗan faifan ƙarfe a ciki mai datse hasken sama ya bar layi miƙaƙƙe. Fitilun da aka yi bisa ƙa'idar Turai kuma suna faɗa da kansu a jikin murfi ko gidan: HC, HR ko HCR na halojin ne, DC, DR ko DCR na zenon.

5. To wace hanya ce ta daidai?

Mafi tsabta ita ce ka nemo cikakken gidan fitilar zenon na asali, in samfurin motarka ya taɓa fitowa da shi. Manyan Camry da Accord da Lexus da Marsandi da dama suna da shi, kuma akan dace da na Beljiyam a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas. Ka tabbata an haɗa maka da balas ɗinsa, kuma a kunna a gabanka. Ta biyu, ka buɗe gidan da kake da shi ka dasa furojektar zenon a ciki, aikin da ke tambaya ta 11. Ta uku, wadda nake yarda da ita da ɗari-ɗari, ita ce sa kayan zenon a furojektar halojin. Faifan zai tare yawancin hasken sama, amma shimfiɗar hasken a titi ba ta kai ta asali ba, wani lokaci ma har da inuwa a tsakiya.

Akwai tarkon da mutane da yawa ke faɗawa. Layin hasken dim ba a kwance yake ɗaya ba, yana ɗagawa ta gefen bakin titi don ka ga allo da masu tafiya a ƙasa. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, Gana a 1974, Nijar da Kamaru da Chadi su ma dama suke bi, saboda haka namu ta dama ya kamata ya ɗaga. Fitilar da aka ciro daga motar Ingila ko ta cikin Japan ta hagu take ɗagawa, daidai fuskar mai tahowa, kuma babu saitin da zai gyara ta. Haska ta a bango kafin ka biya. In mai tambarin Turai ce kuma ka ga kibiya mai kai ɗaya kusa da haruffan da na ambata a tambaya ta 4, ajiye musu kayansu.

6. 4300K, 6000K, 8000K: babbar lamba ita ce babban haske?

A'a, kuma nan ne masu sayarwa suka fi cin kasuwa. Lambar launi take nunawa. 3000K rawaya ne, 4300K fari mai ɗan sirkin rawaya, 5000K fari tas, 6000K ya fara shuɗi, 8000K shuɗi sosai, daga 10000K kuma sai shunayya. Haske ya fi yawa a wajen 4300K, shi ya sa kamfanonin mota suka tsaya a nan, kuma kana hawa sama yana raguwa. Shuɗin haske ya fi damun idon mai kallonsa, sannan a jiƙaƙƙiyar kwalta sai ka rasa inda ya shiga. Ga mai bin hanya cikin hazon hunturu, lokacin da ƙura ke dawo maka da haskenka cikin ido, ban ga dalilin wuce 5000K ba.

7. Wat 35 ko wat 55?

35. Na 55 ya fi haske, amma zafinsa kan ƙone ƙyallin cikin furojekta, ya gajarta ran ƙwai, ya kuma kwashe launin. Furojektar da ta ƙone ba ta da magani sai canji.

8. Mene ne D1S, D2S, D2R, D4S da nake gani a kwali?

Sunayen ƙwayayen asali ke nan. S na furojekta ne, R na wani kwano na musamman da aka ƙera domin zenon, kuma za ka ga an zana masa baƙin layi a gilashi don tare haske. D1 da D3 suna ɗauke da abin tayar da wutarsu a gindi, wani ɗan akwatin ƙarfe mai kusurwa huɗu, D2 da D4 kuwa nasu a waje yake. D1 da D2 akwai zaiba a cikinsu kuma suna aiki a volt 85, D3 da D4 babu zaiba, a volt 42 suke. Shi ya sa ba a musanya su, ko da ka fere bakin ya shiga. Toyota da Lexus na ƙarshe-ƙarshen zamanin zenon sun fi amfani da D4.

Osram da Philips su ne sunayen da aka fi sani, su ne kuma aka fi yi wa jabu. In farashin ya yi daɗi fiye da kima, ka san araha ba ta ado. Jabun ƙwai ƙusoshinsa kan kauce da ɗan kaɗan, wannan ɗan kaɗan ɗin kuma ya isa ya lalata layin haske. Balas ma haka: nemi mai AC, wato mai wutar da ke kai-da-komo, don mai DC, da wutarsa ke bin hanya ɗaya, ƙusa ɗaya yake ci har ƙwan ya mutu da wuri.

9. Yaya ake haɗa wayoyin, kuma dole ne sai da rile?

Fara da kashe mota, ka zare makulli, ka cire kan batir na nagetif. Kada ka kunna balas babu ƙwai a jikinsa, kada kuma ka taɓa wayarsa da jiƙaƙƙen hannu, ka tuna lambar da ke tambaya ta 1. Gilashin ƙwan ma ba a taɓa shi da yatsa, maiƙon hannu na sa shi ya tsage in ya yi zafi. In an yi kuskure a goge da sifirit. Ƙwai ya zauna daram a gurbinsa, wayarsa ta tafi balas, balas kuma a ɗaure shi da noti a jikin ƙarfe, nesa da zafin injin da inda ruwa ke fantsama. Kada a bar shi yana lilo da salatif, gargadar hanyoyinmu ba za ta bar shi ya shekara ba. In ka huda murfin baya don wayoyi su wuce, toshe da robar da ta zo da kayan, in ba haka ba ƙura da raɓa su shige.

Rile kuwa ni ban taɓa tsallake shi ba. Balas in ya zauna amfiya 3 da 'yan kai yake ja, ƙasa da halojin, amma a daƙiƙun farko yakan ja ninki biyu ko uku. Siraran wayoyin mota da makunnin sitiyari ba don wannan fizga aka yi su ba. Da rile, wuta na tahowa kai tsaye daga batir ta waya mai kauri, da fiyus dab da kan batir, tsohon soket kuma aikinsa kawai ya ba rile umarni. Wayar da za ka ɗaure a jikin mota, kankare fentin wurin sai ka ga farin ƙarfe. Rabin matsalolin da ke tambaya ta 13 daga nan suke tasowa.

10. Motata H4 ce, ƙwai ɗaya ke yin dim da ful. Yaya ke nan?

H4 zare biyu gare shi, zenon kuwa wuta ɗaya. Kayan kasuwa suna dabarar sa maganaɗisu ya ja ƙwan baya in ka ɗaga ful, amma tunda H4 kusan kullum a kwano yake zaune, mun koma tambaya ta 3. Maganin shi ne furojekta mai aiki biyu, wadda faifanta ke faɗuwa in ka ɗaga ful ya saki hasken sama, ƙwan bai motsa ba.

In motarka ful ɗinta daban yake, bar shi a halojin. Zenon na ɗaukar daƙiƙu kafin ya cika, kuma kunna-kashe na cin ransa. Mu kuwa da fitila muke gaisawa, da ita muke neman hanya, da ita muke faɗa.

11. Zan iya buɗe gidan fitila in dasa furojekta da kaina?

Za ka iya in kana da haƙuri da yini guda da ba ka buƙatar motar. Yawancin gidajen an manne murfinsu da wani baƙin danƙo mai laushi in ya ji zafi. Cire duk ƙwayaye da robobi da sukurori, ka ɗumama shi da na'urar busa zafi kana zagayawa, ko a tanda mai digiri 110 zuwa 120 na 'yan mintoci, a kan katako, ba a kan ƙarfe ba. Sai ka bi da sukundireba mai faɗi a hankali. Wasu motocin danƙonsu mai tauri ne da zafi ba ya narkarwa, irin waɗannan gara a kai wa wanda ya saba.

Ƙananan furojektoci masu inci 2.5 suna da wuya mai zare da ke bi ta ramin tsohon ƙwai a ɗaure da noti ta baya, ba sai an yanka komai ba. Abin da ya fi ba da wahala shi ne daidaita juyinta. Kafin ka mayar da murfi, ɗora gidan a mota ka haska bango: in layin ya karkace ko da kaɗan ne, yanzu ne lokacin gyara, don sukurorin saiti sama da ƙasa da gefe kawai suke kaiwa, ba sa juyawa. Kada ka goge cikin kwano da tsumma, ƙyallin fita yake. Wajen rufewa ƙara sabon danƙo, ka matse ko'ina, in ba haka ba damina ta fari za ka ga gumi a ciki.

12. Yaya ake saiti?

Wannan ba a barin sa sai gobe. Nemi fili shimfiɗaɗɗe mai bango, iskar tayu daidai, but ɗin mota babu lodi, wani ya zauna a kujerar direba. Auna daga ƙasa zuwa tsakiyar idon fitila, ka ja layi a bango a wannan tsayin da alli ko gawayi. Ja motar baya mita 10, ka kunna dim. Yawancin fitilu an rubuta 1.0% ko 1.2% a jikinsu, ma'ana kwantaccen ɓangaren layin haske ya sauka santimita 10 ko 12 ƙasa da layin allinka. In filin bai kai ba, mita 5 da rabin wannan. Rufe fitila ɗaya da kwali kana saita ɗayar.

Mai yawan ɗaukar buhuna ko cika mota da iyali ya tuna cewa baya na zaunawa gaba na ɗagawa. Motocin da suka zo da zenon daga Turai suna gyara kansu, taka ba ta yi. In akwai ɗan maɓallin 0, 1, 2, 3 kusa da sitiyari, wannan ne amfaninsa.

13. Na gama, amma ɗaya ba ta kamawa, ko tana ƙyafta ido, ko dashbod na nuna ƙwai ya mutu.

Wadda ba ta kama ba sam, zare filogin da ke shiga balas ka juya shi. Halojin bai damu da wace waya ce fozitif ba, balas ya damu. In ba ta kama ba, musanya ƙwan hagu da na dama: matsalar ta bi ƙwai, ƙwai ne, ta tsaya a wurinta, balas ne ko waya. Mai kamawa wani lokaci ta ƙi wani lokaci, duba batir da wayar jikin mota, ka kuma saba tayar da injin kafin ka kunna fitila.

Ƙyaftawa da gargaɗin dashbod sun fi yawa a motocin Jamus da sababbin motoci, inda ƙwaƙwalwar mota ke auna abin da ƙwai ke ja, ko take aiko da wutar a gutsuttsure. Akwai 'yar na'urar da ake sawa tsakani, ana sayar da ita da sunan canbus. Motocin da aka shigo da su daga Kanada, da wasu na Amurka, suna kunna fitila da rana da ragaggiyar wuta. In ƙwan da ka canza shi ne mai wannan aiki, balas zai yi ta fama har ya ƙone, sai mai wayarin ya raba su. Wasu tsofaffin Toyota kuma ta wayar nagetif makunninsu ke yankewa, dole a sayi rilen da ya dace da haka.

14. Doka fa?

A Turai duk fitilar dim da ta haura lumen 2,000 dole ta zo da abin wanke murfi da abin daidaita kai, shi ya sa ma aka ƙirƙiro D5S da D8S masu wat 25 don su tsaya a bakin iyakar. A Birtaniya, tun 2021 motar zamani da aka cusa wa zenon a gidan halojin faɗuwa take a gwajin shekara. A Jamus takardar izinin hawan motar ce ke lalacewa, Amurka ma ba ta amince da irin waɗannan kaya a titi ba. A Najeriya laifin fitila na cikin abin da 'yan Rod Sefti ke yanke wa tara, jami'an VIO ma suna duba fitilu. Gidan asali, farin haske da saiti mai kyau ba sa jawo ido. Shuɗi mai watsuwa shi ke sa a ɗaga maka hannu.

15. Ba gara LED ba?

Yawancin sababbin motoci sun koma LED, kuma yana da daɗin sha'ani: yana cika nan take, babu wutar dubbai, haɗawa ba wuya. Amma ƙwan LED a kwanon halojin yana iya watsa haske kamar yadda zenon ke yi, don haka gwajin bango na tambaya ta 12 ya hau kansa shi ma. Sau da yawa kuma yana da 'yar fanka a gindi wadda ƙura ke kashewa, in ta tsaya haske ya dushe. A furojekta mai kyau, har yau ƙwan D2S na asali ba kanwar lasa ba ne.

16. Fitilata ta koma ruwan hoda, tana ɗaukewa tana dawowa.

Ƙwan ya tsufa. Zenon ba ya mutuwa farat ɗaya kamar halojin, dushewa yake a hankali, launinsa na komawa shuɗi, daga baya hoda, sannan ya fara ɗaukewa. Canza biyun tare, in ba haka ba ido ɗaya fari ɗaya shuɗi za ka yi ta yawo. Bari ya huce kafin ka taɓa, don akwai matsin iska a cikinsa. Tsohon kuma mayar da shi kwalin sabon ka naɗe, kada ka jefa shi inda yara za su fasa, saboda zaibar da aka ambata a tambaya ta 8.